Saniyar Dudu da malamai uku

Matasan da ake turo mana koyon aiki a 'yan shekarun nan duk da magana ɗaya suke zuwa. An koya musu cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta wurin zama a haɗe suke, sun kuma haddace. Kwanan baya wani daga cikinsu ya ce mini ai aikin ba shi da wuya: a zuba malamin dabbobi da malamar asibiti da duba-gari a mota ɗaya, a kai su ruga, kowa ya yi nasa, a dawo Gusau kafin la'asar. Abin da ya kamata in ce masa ne nake rubutawa a nan.

Ni malamin dabbobi ne. A hannun Baba Tukur na koyi aiki, Allah ya ji ƙansa. Aikin farko da ya ɗauke ni muka je, rigakafin ciwon huhu ne a wata ruga a bayan Magami. Mun isa da hantsi, amma bai buɗe jaka ba sai da rana ta fara zafi. Ya zauna a tabarma, ya gai da ardo, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi ciyawa da ruwa, sannan ya tambayi iyali. Ni kuwa ina ta kallon akwatin ƙanƙara, ina tsoron maganin ya lalace. A hanyar dawowa ya ce mini in na gaggauta gaisuwa, rabin garken za a nuna mini, sauran kuma an riga an kora su daji.

Shi ya nuna mini yadda ake jefa igiya a ƙaho, da inda mutum zai tsaya kada saniya ta harbe shi, da yadda ake tafasa allurai a gwangwani. Kayanmu ba su da yawa: sirinji babba ta ƙarfe, ma'aunin zafi, takalmin roba, da safar hannu doguwa mai kaiwa kafaɗa, wadda ake sawa in mabiyiya ta maƙale bayan haihuwa. Akwatin ƙanƙara shi ne sarkinsu. Ba a ajiye shi a rana, ba a buɗe shi don kallo, kuma ba a zama a kansa ko da an gaji. Ya kuma ba ni dokoki biyu. Kada in ƙidaya shanun mutum da yatsa. Kada in tsallaka wajen mata. Na riƙe su duka biyun. Na yi shekaru ina aiki da makiyaya, na san ciwon kowace saniya, amma ban taɓa sanin inda madara take zuwa ba bayan an tatse ta.

Makiyayi ba ya kiranka da wuri. Yakan fara da sassaƙe da jiƙo, ya koma ga kwalbar da ya sayo a kasuwa, ya yi allurar da hannunsa. Sai abu ya ƙi sannan ya tuna da kai. Amma in aka ce ranar rigakafin shanu ce, kowa zai fito. Daga nan ne masu tsara aikin haɗin gwiwa suka samu dabararsu: tunda ana taruwa domin shanu, a kai allurar yara da awon ciki a rana guda, a duba ruwan sha kuma. Dabarar ta yi kyau, ba na musu. Yara da yawa sun samu rigakafi albarkacin maruƙa.

Haka aka haɗa ni da mutum biyu, aka ba mu ƙasar Bungudu. Hajiya Rabi ungozoma ce, babbar mace mai murya, tana jin Fillanci kaɗan. Malam Isa duba-gari ne, ba ya iya yin shiru. Ranar farko muka ga akwatunan ƙanƙararmu iri ɗaya ne sak. Hajiya ta yage bakin tsohon ɗankwali ta ɗaura wa nata, ta ce in na kuskura na yi wa ɗan mutane allurar bijimi, ita ba ta san ni ba. Da mun isa ruga sai mu rabu. Ni in zauna da maza a gindin itace, ita ta shige wajen mata, Malam Isa ya gangara tafki. Ba mu sake ganin juna sai a mota. Mun ɗauka wannan shi ne aiki tare.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda satar shanu ta hana mutane zaman daji. Rugage suka taso suka matso kusa da gari. A gindin duwatsun Kwatarkwashi sai da ruga uku suka sauka a bakin tafki ɗaya, garke na gogar garke. Duk cutar da wani ya zo da ita, ta zama ta kowa. A cikinsu akwai rugar Ardo Buba, dattijo mai son barkwanci.

Ardo ya sa aka kamo mini wata saniya gudali fara mai suna Wule. Gwiwoyinta na gaba sun kumbura, in ka danna sai ka ji ruwa. Ta zubar da ciki sau biyu, na uku ta haifi ɗan maraƙi maras ƙwari, mabiyiya kuma ta daɗe ba ta faɗo ba. Shi da kansa ya faɗi sunan ciwon kafin in faɗa: bakkale. Allura yake so. Na gaya masa gaskiya, cewa bakkale ba ta warkewa a jikin saniya, tana kuma bin madara da ruwan haihuwa ta kama mutum. Na ce a ware ta, a yanka, a binne kayan cikin. Ya ce to. Na rufe jakata ina ganin na gama.

A mota Hajiya Rabi ta fara ba da labarin wata matashiya mai suna Dudu, matar ɗan Ardo. Tana da ciki wata huɗu ko biyar. Zazzaɓi yakan zo mata ya tafi, da gumi da ciwon gaɓoɓi. An sha ba ta maganin cizon sauro bai yi ba. Cikinta na farko ya zube bara, kuma tana tsoron wannan ma zai bi shi. Hajiya ta ce ta umarce ta da ta riƙa dafa madara kafin ta sha ko ta yi nono. Malam Isa ya katse ta da nasa, wai ya ga karnuka suna jan mabiyiyar saniya har bakin tafki, a daidai inda mata suke ɗibar ruwa. Ni ma na kawo zancen Wule. Mun kusa shiga Bungudu sai Hajiya ta juyo.

"Malam, saniyar nan taka, ta wace ce?"

Na ce ta Ardo ce.

"Yarinyar ta ce mini ita da saniyarta tare suke ɓari. Madararta kaɗai take sha."

Nan muka gane ashe mu ukun abu ɗaya muka wuni muna dubawa, kowa ta nasa gefen.

Muka koma muka ɗebi jini, na Dudu da na Wule. Jinin mutum yana da inda ake kai shi, na dabba ma da nasa, kuma wuraren biyu ba sa magana da juna. Ɗaya suka ce ruwan gwajin ya ƙare. Ɗayan suka ce a jira. Har yau ba ni da wata shaidar gwaji da ta ce bakkale ce. Likita dai ya saurari Hajiya, ya ɗora Dudu a kan maganin da mai ciki za ta iya sha, bisa zato. Ya ce amma in ta ci gaba da shan ɗanyar madarar, aikin banza ake yi.

Zuwanmu na gaba Ardo bai bari muka rabu ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma ɗaya, ya ce mu zauna mu uku.

"Malamai, ku tsaya in gane. Wanga ya ce a yanke saniya. Hajiya ta ce a dafa madara. Wancan ya ce ruwa ne. To in an yanke saniyar, madarar wa za a dafa?"

Malam Isa ya ce ai duka ukun gaskiya ne, sai a yi su duka.

"Duka. To wane ne babba cikinku?"

Muka dubi juna. Hajiya ta ce ba mu da babba, kowa da ofishinsa.

"Ku uku mota guda, ba ku da ardo? Shi ya sa."

Aka yi dariya, har da mu. Sannan ya gaya mana abin da ya kamata mu tambaya tun farko. Garken da nake kira nasa, kiwonsa kawai yake jagoranta. Kowace saniya da mai ita. Wule ta Dudu ce. Uwar Wule ce mahaifinta ya ba ta ranar sunanta, kuma a wannan shekarar aka kore garken mahaifin nata gaba ɗaya. Wule ce kaɗai ta rage daga wannan tsatson. Ardo ba zai iya sa wuƙa a wuyanta ba, mijin ma ba zai iya ba. Kuma shi suruki ne, ba ya zama da matar ɗansa su yi magana ido da ido. To ɗin da ya ce mini ranar farko, na girmama baƙo ne.

Wannan ne wurin da nake so matasa su lura da shi. Wanda ya san ciwon saniyar, ni ke nan, ba ya shiga wajen mata. Wadda take shiga wajen mata ba ta san ciwon saniya ba. Mai ikon garke ba shi da ikon saniyar, mai ikon saniyar kuma ba ta fitowa wurin maza. A ƙarshe aka tsayar da ni a bayan zanar ɗakin Dudu. In faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa wa Inna, matar Ardo, Inna ta juya shi da Fillanci. In amsa ta taso ta biyo wannan hanyar ta dawo. Na yi bayanin kumburin gwiwa da zubar ciki da ƙwayar cuta da ido ba ya gani. Ban san me ya isa can ciki ba. Abin da ya dawo mini shi ne, wai malam ya ce saniya ce take yi wa uwargijiyarta baƙin ciki, kuma ita Dudu ba ta yarda ba.

Da aka zo zancen dafa madara, Inna ba ta ma juya shi ba. Ita ta amsa. Ta ce in aka ɗora madarar saniya a wuta, hantsarta ƙafewa take yi. Haka ta ji daga uwarta, haka kowace mace a rugagen nan uku ta sani. Na ce wa Hajiya ta gaya mata babu abin da ya haɗa tukunya da hantsa. Inna ta ce to, irin to ɗin mijinta. Sau ɗaya na ji muryar Dudu da kunnena, da Hausa, a hankali.

"Hajiya, ni cikin ga nike so ya tsaya. Amma Wule ba a yanka ta, ba a ƙafar da ita."

Hajiya ta fito ta tambaye ni ko akwai hanya ta uku. Na ce ban san ta ba.

Malam Isa ne kaɗai ya samu abin nunawa a ranar. Ya sa aka haƙa rami nesa da ruwa domin binne mabiyiya, aka kuma kewaye gefen da mata suke ɗiba da ƙaya. Daga baya na ji mutanen sauran rugagen sun janye ƙayar, wai tana tare wa shanunsu hanya, mutanen Ardo suka mayar, aka sake janyewa. Haka aka yi ta yi.

Bayan wannan, hanyar ta ƙi biyuwa saboda ɓarayin daji. Aka hana motarmu fita tsawon watanni. Labarin Dudu ta bakin Hajiya nake jin sa, don ana kawo ta asibiti a Bungudu a kan babur karɓar magani da awo. Ta ce zazzaɓin ya yi sauƙi, ciki yana girma. Ta ce kuma Inna ta samo dabara: tana da wata tsohuwar saniya tata ta kanta, ta ce ita wannan ko ta ƙafe ba a yi asara ba, sai ta riƙa dafa madararta tana ba Dudu. Na tambayi Hajiya, Wule fa? Ta ce ai wannan nawa ne, ita ciki take aunawa. Na ce ta tambaya mini in sun sake zuwa, ita ma ta ce za ta tuna, amma layin awo ba ya barin mutum ya tuna da saniya.

Ba a daɗe ba tsohuwar saniyar Inna ta daina ba da madara. Mata suka riƙa zuwa daga sauran rugagen suna duba hantsar. Hajiya ta kira ni a waya rai a ɓace, ta ce in ba ta bayanin da za ta yi musu. Na ce saniyar ta tsufa, maraƙinta ya girma, ciyawa ta yi ƙaranci, ko ba a dafa ba lokacin ƙafewarta ya yi. Ta ce ta yarda, amma in zo da kaina in gaya wa mata masu kallon busasshiyar hantsa. Duk wanda ya fara sauraronta a kan dafa madara ya koma inda yake. Inna dai ba ta fasa ba, ta koma dama wa Dudu kunu da madarar gwangwani.

Dudu ta haihu lafiya, mace. A lokacin hanya ta ɗan buɗe, muka je suna mu uku. A hanyar zuwa aka yi ta gardama a mota. Hajiya ta ce magani ne da dafaffiyar madara. Malam Isa ya ce ramin da ya haƙa ne da ƙayarsa. Ni kuwa ban san ko an bi tawa ba. Watakila ma ba bakkale ba ce tun asali. Da aka natsa na zagaya garke ban ga Wule ba. Na tambayi Ardo.

Ya ce ai tuni aka raba ta da garke, kamar yadda na ce. Inna ce ta yi tunanin. Dudu tana da wa mai suna Manu a wajen Tsafe, shi ma an kore nasa, ba shi da ko ta tatsa. Sai aka ba shi Wule riƙo, ita da maraƙinta. Al'adarsu ce in ɗan'uwa ya rasa, a ba shi saniya ya sha madara, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan, daga baya ya maido uwar. Ardo yana faɗa yana murna. Dudu ba ta rasa saniyarta ba, Manu ya samu abin ba iyali, maganar malam kuma an cika ta. Ya ce duk rugagen nan an yaba wa Inna.

Na gaya wa abokan tafiyata. Hajiya ta ce aikinmu iyakarsa ƙasar Bungudu, mota ba za ta je Tsafe ba.

Washegari na hau babur ɗina na bi hanyar Funtuwa. Kafin Tsafe na ratse, ina tambaya har na samu bukkokin Manu. Na tarar ana tatsa. Wule ta yi kyau, gwiwoyin dai suna nan a kumbure. Wata mata tana tsugune a gefenta da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Da ta gama ta zo miƙewa sai da ta dafa ƙasa. Daga inda nake tsaye na ga tana da ciki.

Manu ya shimfiɗa mini tabarma. Na yi gaisuwa cikakkiya, na tambayi ciyawa da ruwa, sannan na faɗa masa duk abin da na faɗa wa Ardo. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ai ba tawa ba ce. Amana ce. In yanka ta ƙanwata? Kuma in na maishe ta yanzu, sai a ce na raina kyauta."

Na tambaye shi ko mai ɗakinsa, wadda na tarar tana tatsa, tana zazzaɓi. Ya ce wannan sha'anin mata ne, bai bincika ba. Tana can bayan zana, taku kaɗan daga tabarmata, kuma ba ni da wanda zan aika.

Na shiga Tsafe na nemi asibitin da ake awon ciki. Ban san kowa a wurin ba. Na zauna a ƙarshen benci da takalmin roba, mata suna ta kallona suna gyara mayafi. Da layi ya zo kaina malamar ta tambayi ina mai cikin. Na ce ba ta zo ba, ba ta ma san na zo ba. Ta tambaya me ke damunta. Na ce ban sani ba ko akwai abin da ke damunta tukuna, amma akwai wata saniya.

"Malam, nan asibitin mutane ne."

Na ce na sani. Na fara mata daga gwiwar Wule, na bi ta kan Dudu da tafki da tsohuwar saniyar Inna. Tun tana rubutu har ta ajiye biro. Da na kai ƙarshe ta tambaye ni cikin wata nawa ne. Na ce daga nesa na gani, kuma ni na shanu na iya kintata.

Ta leƙa waje ta dubi matan da suka rage a benci. Ta ce in koma in zauna har ta sallame su, kuma in san yadda zan ɗaure mata jakarta a bayan babur.